Wa zai riƙe masallaci: 'yan sa-kai, ma'aikaci mai albashi, ko kamfani?

Gina masallaci a wajenmu bai kai riƙe shi wahala ba. Bawan Allah ɗaya zai iya tashi ya zuba miliyoyi, a yi rufi, a sa tayil, a ɗaura fankoki har da esi, a gayyato malamai a buɗe, toh amma ka koma bayan shekara biyu ka leƙa banɗaki, ko ka tsaya wajen alwala ka ga famfunan rabi an ɗaure bakinsu da robar tayar keke, lasifika tana shaƙewa liman na karatu na sahun baya ba sa jin komai. Kuma fa masu son alheri suna nan, kullum ana sa kuɗi a akwati. Abin da aka rasa shi ne mutumin da in abu ya lalace ranar Talata da hantsi aikinsa ne ya gani, ya kira mai gyara, ya tsaya a yi, ya kawo rasit.

Kwamitin da ya zauna kan wannan magana hanya uku ce a gabansa. Ko a bar aikin hannun jama'ar masallaci su yi don Allah kamar yadda aka saba, ko a ɗauki mutum a riƙa biyansa duk wata, ko a ba kamfanin tsafta da gyare-gyare kwangila. Kowace tana da inda take ci da inda take faɗuwa, kuma yawancin rigimar da ake yi a kai saboda kowa masallacin da yake hangowa a ransa daban ne, wani yana maganar ɗan masallacin ƙofar gida ne mai ɗaukar sahu uku, wani kuma masallacin Juma'a mai banɗaki goma sha da bohol da sola da makarantar Islamiyya a harabarsa.

Sa-kai dai shi ne asali, kuma kada wani ya raina shi. Hadisin matar nan da take sharar masallacin Annabi (SAW) yana nan a Bukhari da Muslim, ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, da ya tambaya aka gaya masa sai ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Kaga darajar mai shara kenan. Mutumin da ke share masallaci don lada yana ɗaga tabarma ya share ƙarƙashinta ko da ba mai kallonsa, wannan kuma ba abu ba ne da kuɗi ke saya. Sannan ba a kashe ko sisi kan albashi, kuɗin da aka tara duk kan kaya yake tafiya, kuma matasan unguwa in suna wanke masallaci da hannunsu sun fi jin nasu ne, ba za su bari a sace amfilifaya ko batir suna kallo ba.

Matsalar sa-kai ita ce yana da kaka. Ana jajibirin azumi za ka ga samari cike, an fito da kafet an kakkaɓe, an goge fankoki, an canza ƙwan fitila, goman ƙarshe ma masallaci har ƙamshi yake saboda tahajjudi. A yi sallah da sati uku kowa ya koma kasuwa da makaranta, sai aikin gaba ɗaya ya zube kan ladan, dattijon da shi ne mai kiran salla, shi ne mai buɗe ƙofa da asuba, shi ne mai shara, shi ne kuma za a yi wa faɗa in buta ta ɓata. Ga kuma jin nauyi. Wanda ya yi alƙawarin wanke banɗaki ran Alhamis bai zo ba, me za ka ce masa? Ba biyansa kake ba, wata ƙila ma sa'an babanka ne, sai dai ka yi shiru ka ɗauki tsintsiya ko ka bar wajen haka. Kuma akwai ɓarnar da kyakkyawar niyya ke jawowa wadda ba a cika faɗa ba: yaron da ya ɗan iya haɗa waya ya zo ya jona firji ko esi kan inbatar da ba ta da ƙarfinsu, wani ya zuba ruwan famfo a batir maimakon ruwan batir, wani ya bar sumo, injin turo ruwa daga bohol, tana aiki tanki ya cika yana malala tun azahar har la'asar. Ba wanda zai ce shi ya yi, don babu littafin da ake rubuta komai.

Ni a ganina sa-kai ya isa masallacin kamsu salawati wanda banɗakinsa bai wuce ɗaya ko biyu ba kuma babu wasu injina. Amma ko a nan ɗin a daina cewa "jama'a za su yi". A rubuta jadawali a manna a bango, kowace rana da sunan mutum, kuma a samu mutum ɗaya da aka yarda zai riƙa tunatarwa ba tare da kowa ya ji haushi ba.

Hanya ta biyu, ɗaukar ma'aikaci. Nan ne na fi son a tsaya a yi tunani sosai don mafi yawan masallatan Juma'a nan ya kamata su faɗa, kuma nan ne aka fi yin kuskure.

Ka dubi yinin mai kula da masallaci na gaske. Kafin asuba ya duba akwai ruwa a tanki, in babu ya san tun jiya da rana ya kamata a tura. Bayan salla ya buɗe tagogi iska ta shiga kafet, ya wanke banɗaki da wurin alwala tun kafin 'yan Islamiyya su iso, ya tsince gashi da ledar ruwa da guntun asuwaki daga bakin magudana, don su ne ke taruwa su toshe kwata har ruwan alwala ya riƙa komowa ƙafar mutane. Da rana ta yi ƙarfi ya kunna sumo a kan sola kai tsaye ba sai da dare a kan batir ba. Lokacin hunturu ya hau ya goge ƙurar da ta rufe faranten sola, don ƙurar nan tana rage wutar da suke bayarwa sosai, mutane su yi ta cewa batir ya mutu alhali faranti ne ya yi datti. Ran Alhamis ya gwada makirfo da lasifikokin waje, ba sai liman ya hau mumbari a gano waya ta tsinke ba. Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma su ne ke sa kayan masallaci su yi shekaru ko su mutu da wuri, kuma ɗan sa-kai mai zuwa sau ɗaya a sati ba zai iya riƙe su ba ko da ya fi kowa imani.

Sai maganar albashi. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, toh amma masallaci ai ba da wannan ƙofar ya kamata ya fita ba, magidancin da zai yini yana wanke banɗakin jama'a a ba shi abin da ba zai sayi buhun masara ba, sannan a ce masa ya yi haƙuri aikin Allah ne, wallahi wannan bai dace da mu ba. In kuɗin bai kai a ɗauki mutum na yini guda ba, a ɗauke shi na rabin yini a faɗa masa gaskiya, safe da bayan la'asar, sauran lokacin ya nemi na kansa. Kuma a lura, jumhurun malamai ciki har da Malikiyya ba su yarda a kashe zakka kan gini ko gyaran masallaci ba, don haka kada kwamiti ya sa ran zakkar attajirai ce za ta riƙe wannan ɗawainiya, sadaka ce da waƙafi da karo-karo.

Inda wannan hanya ke lalacewa kuwa, na farko wajen ɗauka. A ce ai ɗan wane ba shi da aikin yi a taimaka masa, ko ƙanin shugaban kwamiti, ranar da ya daina zuwa ba mai iya sallamarsa sai an ɓata da gida guda. Na biyu, iyayen gida goma. Liman ya aike shi, na'ibi ya aike shi, Alhajin da ya gina masallaci ya tura shi kai cefane gida, ma'aji ya ce ya wanke masa mota, a ƙarshe ya zama yaron kowa banda masallaci. Dole ya zama mutum ɗaya tak a kwamiti yake ba shi umarni, kuma a rubuta aikinsa a takarda ko da shafi ɗaya ce da Hausa: abin da zai yi kullum, na sati, na wata, ranar hutunsa, ranar biyansa. Na uku, kada a haɗa masa da kuɗi. Shi ya ce famfo ya lalace, shi ya karɓi kuɗi, shi ya sayo, shi ya ce an gyara, ko mutumin kirki ne an jefa shi cikin zargi. Ya kawo rahoto, ma'aji ya biya mai gyara kai tsaye. Sannan ɓangaren mata, wanda kusan kullum shi ake mantawa, mace ya kamata a ɗauka ko da ta kwana biyu ko uku ce a sati, musamman da azumi lokacin tafsiri, don namiji ba ya shiga ya ga halin da banɗakinsu yake ciki, su kuma ba sa cikin kwamiti balle su faɗa.

Kamfani kuma fa? Masu son wannan hanya sukan kawo misalin Harami, yadda ake wanke wajen ɗawafi cikin ɗan lokaci, ma'aikata da kaya iri ɗaya, injina, kowa ya san layinsa. Gaskiya ne, amma can hukuma ce guda ta gwamnatin Saudiyya ke kula da Masallatai Biyu da kasafin gwamnati a bayanta. Abin da kamfani ke kawowa wanda sauran biyun ba su da shi shi ne kayan aiki da madadi. Suna da injin zuƙe ƙura da na wanke kafet, in ma'aikacinsu ya yi rashin lafiya su turo wani, in ba su yi aiki ba akwai takardar yarjejeniya a riƙe kuɗinsu ba tare da jin kunyar kowa ba. Kamfani mai kyau kuma yana zuwa da jadawalin duba kaya kafin su lalace, juyen man janareta, wanke matatar esi, duba wayoyi, ba jiran sai abu ya tsaya ba.

Amma kuɗinsa ya fi, tunda bayan albashin ma'aikata akwai ribar mai kamfani da haraji, kuma yadda farashi ke tashi ɗin nan kafin shekara ta zagayo za su dawo a sake lissafi. Sannan lokacinsu ba na masallaci ba ne. Su sun saba da ofis, takwas na safe zuwa huɗu na yamma, masallaci kuwa cikarsa asuba ce da magariba da isha'i, lokacin da banɗaki ya fi buƙatar mai kula su sun tashi. Akwai kuma maganar tsarki wadda ni ita ta fi damuna. Tsafta a idon kamfani ita ce waje ya yi ƙyalli, mu kuma muna maganar najasa ne, mofar da aka goge banɗaki da ita in aka shigo da ita cikin masallaci ko da tayil ɗin yana ɗaukar ido an ɓata. Dole a rubuta a yarjejeniya cewa kayan banɗaki daban, na cikin masallaci daban, har launin bokiti ya bambanta, kuma ma'aikatan su san ba a ratsa gaban mai salla, ba a kunna inji ana karatu. A ƙara da cewa a wajen manyan birane irin su Kano, Kaduna da Abuja samun kamfanin gaske ba sauƙi, da yawa mutum ɗaya ne da takarda mai tambari, zai karɓi kwangila ya ɗebo yara ya biya su abin da bai taka kara ya karya ba. Kuma masallacin da zai sa hannu a kwangila gara ya zama yana da rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC da asusun banki da sunansa, in ba haka ba ranar da aka samu saɓani mutumin da ya sa hannu shi za a kama shi kaɗai.

Yanzu in aka jera su uku kan abin da ya fi cin kuɗi, wato wuta, za a ga bambancin a fili. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, a watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, waɗanda suka fi kowa samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit. Shi ya sa masallatai da yawa suka koma sola, kuma daidai ne. Sai dai sola ba a kafa ta a manta. Faranti yana iya wuce shekara 20, amma batir mai ruwa 'yan shekaru kaɗan yake yi, in ana zuƙe shi har ƙasa kullum ma ba zai kai ba, na litiyam ya fi daɗewa amma tsadarsa daban. Ɗan sa-kai ba ya nan kullum balle ya hana a zuƙe batir. Kamfanin tsafta kuma ba fanninsa ba ne. Wanda ke tsare batir shi ne ma'aikacin da ke wajen kullum, wanda aka koya masa karanta abin da inbata ke nunawa da lokacin da zai kashe fankokin da ba kowa a ƙarƙashinsu, sai kuma wanda ya kafa solar a yi da shi zai riƙa zuwa dubawa duk bayan 'yan watanni. Kuma tun ranar da aka sa batir a fara ajiye kuɗin canza shi kaɗan-kaɗan, don ranar na nan zuwa, kada a wayi gari ana shela a masallaci ana neman miliyan cikin sati guda.

Ruwa ma haka. Ɗan makunnin nan mai kashe sumo da kansa in tanki ya cika kuɗinsa kaɗan ne, amma sai akwai mai lura sannan za a san ana buƙatarsa. Sokawe kuma a yashe ta kafin ta cika, a kuma tabbatar tana nesa da bohol, masana suna cewa kamar mita 30, don masallatai da yawa filinsu ƙarami ne an haƙa su kusa da juna, kuma ruwan nan shi unguwa ke ɗiba tana sha.

Akwai abu ɗaya da babu ɗaya cikin ukun da zai iya, shi ne lafiyar ginin kansa. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta ana sallar la'asar, mutane da dama suka rasu, Allah Ya ji ƙansu. Masallaci ne mai tarihi tun shekarun 1830, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, kuma Mai Martaba Sarkin Zazzau ya bayyana cewa kwana ɗaya kafin nan an ga tsaga a jikin ginin ana shirin kawo injiniyoyi. Ba ina ɗora wa kowa laifi ba ne, amma duk wani kwamiti ya kamata ya riƙe wannan. Mai shara zai ga tsaga, zai ga silin ya jiƙe, zai ga ƙasa na zubowa, amma ba shi zai ce ko akwai haɗari ko babu ba. Kowane masallacin Juma'a, sabo ko tsoho, musamman wanda aka ɗora wa bene daga baya ko aka ɗora manyan tankuna a kansa, ya samu injiniyan gini ya duba shi kafin damina duk shekara, kuma a ba mutum ɗaya ikon rufe sashen da ake shakka a take ba sai an jira zaman kwamiti ba.

Toh me zai raba gardama? Kuɗin shiga na wata-wata wanda aka tabbatar da shi, ba girman gini ba. Akwatin Juma'a yana hawa yana sauka, da azumi ya cika, da damina ya yi ƙasa, ba a ɗaura albashin mutum a kansa shi kaɗai balle kwangilar kamfani. Attajiri ɗaya ma ba a ɗaura masa komai da komai, kasuwa tana juyawa, mutuwa tana zuwa, magada kuma ba dole su ci gaba ba. Abin da ke riƙe masallaci na dindindin waƙafi ne, kuma ba baƙon abu ba ne a addini, gonar Sayyidina Umar ta Haibara da rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya duk shi ne. Shaguna uku huɗu a jikin katanga da ake karɓar hayarsu sun fi hasumiya ta biyu amfani ga masallaci nesa ba kusa ba. A Singafo tun 1975 Musulmi ma'aikata ake cire musu ɗan abu kaɗan daga albashi duk wata a zuba a asusun masallatai, mu ba mu da wannan tsarin amma ba abin da zai hana magidanta hamsin ko ɗari su ɗauki alƙawarin wani abu ƙayyadadde duk wata, su riƙa turawa asusun masallaci a Jaiz ko TAJ ko duk bankin da ya sauƙaƙa, mutum biyu ko uku ke sa hannu kafin a fitar, ƙarshen wata a manna lissafi a bango kowa ya gani. Mutane suna ƙara bayarwa in sun ga inda kuɗi ya tafi, wannan kowa ya shaida.

Da ni za a tambaya, masallacin Juma'a na unguwa ko na gari ya ɗauki ma'aikaci ɗaya ko biyu da mace guda don ɓangaren mata, kwamiti ya koma riƙe kuɗi da sa ido maimakon riƙe tsintsiya, a bar wa matasa babban wanki na wata-wata da na shirin azumi da idi don kada ladan ya wuce su, sannan a yi ƙananan yarjejeniyoyi da masu sana'a, mai sola, mai gyaran famfo, mai yashe sokawe, injiniya, kowa da lambarsa a rubuce a ofishin masallaci. Kwangilar kamfani gaba ɗaya a bar wa manyan masallatai masu hayar shaguna ko gidauniya tsayayya, kuma ko su sai sun ajiye nasu mutum ɗaya da zai riƙa bin aikin kamfanin yana nan da asuba da isha'i.

Kafin zaman da za a yanke shawara, ma'aji ya zo da lissafin abin da ya shigo a watanni goma sha biyun da suka wuce, a cire watan azumi daga ciki, a duba watan da ya fi kowane ƙaranci. In kuɗin wannan watan zai biya albashi da omo da Izal da kuɗin wuta har a ajiye wani abu don batir, a ɗauki ma'aikaci. In bai kai ba, a fara da na rabin yini, a ba kwamiti wata shida ya nemo magidantan da za su ɗauki alƙawarin wata-wata.